Kafin Ka Kama Sitiyarin Jar Motar Alhaji Sabo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a birni. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ba zan cika ka da labarin gida ba, tunda kwanan nan ka bar shi, kuma ka san yadda rumbu yake a bana.

Ka san hannuna ya fi sabawa da sifana a kan alƙalami. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, ranar da Alhaji Sabo ya zo ɗaukarka ban sami bakin magana ba. Ƙofar gida ta cika da jama'a, kowa yana leƙen jar motar tseren nan, kai kuma bakinka ya ƙi rufuwa don murna. Ban so in dagula maka rai a gaban mutane ba. Na san zaman rashin aiki ya ishe ka, na san a wannan zamani na tsuke bakin aljihu samari da yawa za su yi maka hassadar wannan aiki na tuƙa mota a gasar tsere. Amma gaskiyar magana, hankalina bai kwanta da motar nan ba, bai kuma kwanta da mutanen da suka zo da ita ba.

Bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Da suka tsaya, tayoyin gaba suna kallon gaba sak, amma sitiyarin a karkace yake. Tayar gaba ta hagu sabuwa ce fil, sauran ukun kuwa sun sha hanya. Mutum ba ya sauya taya ɗaya tilo sai in akwai abin da yake cinye ta. Da na sunkuya zan leƙa ƙarƙashi, sai makanikensa Tanko, wannan mai yawan dariyar, ya yi wuf ya sha gabana, ya ce, "Haba Baba, za ka ɓata rigarka! Ai komai sabo ne a ƙasan nan." Ni da na ƙare ƙuruciyata a kwance ƙarƙashin motoci, yau ni ake tausaya wa riga? Ɗan abin da na hango kafin ya tare ni, baƙin fenti ne sabo, an malala shi a kan ƙarafan ƙasa har yana ƙyalli. Wa yake yi wa ƙarƙashin mota kwalliya, in ba wanda yake da abin rufewa ba?

Sannan na tambayi Alhaji ina direban da yake tuƙa ta a da. Ya ce ya sami aiki a Kudu. Can da na ja Tanko gefe da hira na yi masa tambayar nan, sai ya ce matar direban ce ba lafiya, ya koma garinsu. Mutum ɗaya, labari biyu. Na kuma tambayi kaina, birnin Kano cike da direbobi suna zaune ba aiki, me ya kawo Alhaji har ƙauyenmu neman direba?

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne, na san motar nan. Na san ta tun tana da farin fenti. Na gane ta ne da wata walda a jikin ƙarfen da ke bayan kujerar direba, cikin ƙarafan nan da ake gicciyawa a motar tsere don kada rufi ya danne mutum in ta kife. Ni na yi waldar. Ni bahago ne, kuma yadda nake jan wuta daban yake da na kowa.

A shekarun babban fari, kana goye a lokacin, ina da rumfar gyaran mota a bakin titin Bici. Motar ta wani Bature ce mai aikin haƙa rijiyoyin burtsatse, yana shiga tsere da ita in an tashi yi. Direbansa Ilu ne, mutumin Zakirai, wanda ya zama aminina. Ilu ba mai yawan magana ba ne, amma a tuƙi ban taɓa ganin kamarsa ba. Sau uku na yi kuskure a kan wannan mota, kuma ina so ka san kowanne, don kada ka maimaita.

Na farko, wata rana Baturen ya kawo ta ya ce tana janyewa hagu. Bai tsaya nan ba, har ya faɗa mini ciwon, wai iskar taya ce ta ragu, in ƙara kawai, yana sauri. Na ƙara iska. Ilu ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Habu, ni fa hannuna ba haka ya gaya mini ba. Wannan ba taya ba ce." Na ce masa mai mota ya fi mu sanin motarsa. Suka tafi. Ba a jima ba tayar ta cinye ta gefen ciki har waya ta fito, ta fashe musu a kan burji, suka faɗa gonar dawa. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, sai dawar mutane da aka tattake. Da aka jawo motar, na ɗauko igiya na auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, dama da hagu. Ɓangaren hagu ya gaza. Ashe ƙarfen da ke riƙe da ƙafar ne ya lanƙwashe. Daga baya Ilu ya gaya mini Baturen da kansa ya daki kwalbati da ita wata rana da ya fita shi kaɗai, ya ji kunyar faɗa.

Saboda haka, Nasiru, in mai mota ya gaya maka inda take masa ciwo, ka saurara. Amma in ya gaya maka dalilin ciwon, ka ajiye maganarsa a gefe ka duba da kanka. In mota tana janyewa gefe ɗaya, ka fara daidaita iska, sannan ka musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In janyewar ta bi tayar ta koma ɗaya gefen, to taya ce. In ta tsaya a inda take, ciwon yana cikin ƙarfe. Ka nemi igiya ka auna kamar yadda na faɗa maka. Ka shafa tafin hannunka a kan taya, in ka ji gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, ko yana kartar hannu kamar bakin zarto, ƙafafun ba sa tafiya a layi ɗaya. Ka kuma nemi a nuna maka tsohuwar tayar da aka cire daga hagun nan. In aka ce an jefar, ka riƙe wannan a ranka. A wannan zamani ba mai jefar da taya.

Na biyu ya faru ne bayan Baturen ya koma ƙasarsu. Wani ɗan kasuwa, shi ma Alhaji ne amma ba Sabo ba, ya sayi motar, ya riƙe Ilu a matsayin direba. A lokacin kayan gyara sun fara wuya. Sitiyarin ya yi sako-sako, sai ka murza shi kusan faɗin tafin hannu kafin taya ta motsa. Ɗan kasuwar ya ce, "Malam Habu, ba ni da lokacin kwance-kwance. Ka ɗaure shi kawai." Akwai wani noti a saman akwatin sitiyari da ake matsewa don rage wasan. Na matse shi, na ƙara matsewa, wasa ya ɓace. Kowa ya yaba. Ban tsaya na bincika daga ina wasan yake fitowa ba.

Na ce bari in ɗan zagaya da ita in ji. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Da na zo kwanar da ke bayan kasuwa, ranar kuwa kasuwa tana ci, na karya sitiyari, sai ya ƙi dawowa. Ya cije. Ga mata a gabana ɗauke da ƙwaryar nono, ga jakuna da kaya. Na sa duk ƙarfina na fizgo shi, na taka birki, motar ta goga katangar wani gida ta tsaya. Wata tsohuwa ta zube zaune a ƙasa, nononta ya malale, tana salati. Na fito daga motar. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, me muka yi maka?"

Da na kwance komai, sai na tarar yawancin wasan ba a akwatin yake ba. Yana kan mahaɗar tayarod, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin sitiyari zuwa taya. Robar da ke rufe mahaɗar ta yage, yashi ya shiga ya cinye ta. Ni kuma na je na shaƙe akwatin da ba shi da laifi.

Ka ji darasin. Rashin wasa a sitiyari ba shi ne lafiya ba. Mugun makanike yana iya ɓatar da wasa cikin ɗan lokaci ya bar ciwon yana nan. Ka ajiye motar a ƙasa mai tauri, ka sa mutum ya zauna yana kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali, kai kuma ka kwanta a ƙasa ka ɗora hannunka a kan kowace mahaɗa, ɗaya bayan ɗaya. Hannu yana jin abin da ido ba ya gani. Inda ka ji ƙas-ƙas, nan ciwon yake. Sannan ka ɗaga gaban motar da jak, ka kama taya ta gefe da gefe ka girgiza, ka sake kama ta sama da ƙasa ka girgiza. Tana sama ɗin, ka murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya kamata ya tafi sumul. In ka ji ya yi tauri a wani wuri ya saki a wani, an matse akwatin ne don a rufe maka ido. A kan hanya kuma, in ka sha kwana ka sassauta hannu, sitiyari mai lafiya da kansa yake komowa.

Na uku shi ne wanda har yau ba na son tunawa.

Na gaya wa ɗan kasuwar sai an sa sabuwar mahaɗa. Ya ce shi zai nemo. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da ita a cikin kwali sabo, da rubutun ƙasar waje a jiki. Da na ɗauke ta, sai na ji raina bai so ta ba. Fentin ya yi kauri, yana ɗan kama hannu, kuma a wuyanta akwai wani ɗan tudu da bai kamata a ce yana nan ba. Na zaro wuƙa zan kankare, sai ya riƙe mini hannu.

"Malam Habu, zargina kake yi?"

Na ce, "A'a, Alhaji, dubawa kawai zan yi."

Ya ce, "Daga bakin jirgin ruwa aka kawo mini ita. In ka ɓata fentin ba za su karɓa ba in ba ta yi daidai ba. Ko kana nufin ni zan cuci kaina?"

Mutane suna zaune a rumfar suna jinmu. Na ji nauyinsa. Na mai da wuƙata aljihu, na ɗaura ta.

Ranar da suka fita gwaji a kan gargada ta wajen hanyar Ɗambatta, Ilu shi kaɗai ne a ciki, yana gudu irin na tsere. Mahaɗar ta karye. Tayar hagu ta juya inda ta ga dama, motar ta wuntsula ta sake wuntsulawa, ta kife a cikin wata gona da aka riga aka girbe. Ƙarafan ciki sun hana rufi ya murƙushe shi, amma notin da ke riƙe da bel ɗin da ya ɗaure jikinsa da shi ya tsinke daga bodi, don wurin ya yi tsatsa ba wanda ya duba. Ƙugunsa ya karye. Manoma ne suka zaro shi.

Na je wurin na tsinci guntun mahaɗar a cikin ƙasa. Tsohuwa ce da ta taɓa karyewa, aka yi mata walda, aka goge, aka shafa fenti, aka sa a sabon kwali. Ko ɗan kasuwar ya sani, ko shi ma cutarsa aka yi, har yau ban sani ba, Allah ne masani.

Da na je duba Ilu a asibiti, na same shi a kwance. Ya ce, "Habu, ka kankare fentin?"

Na ce, "Ban kankare ba."

Ya ce, "To."

Bai taɓa zagina ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Ya warke, amma da sanda yake tafiya, kuma bai sake riƙe sitiyari ba. Motar kuwa aka ɗora ta a babbar mota aka yi birni da ita. Na ɗauka an yanka ta an sayar da ƙarfen. Sai ga ta a ƙofar gidana da jan fenti, ta zo ɗaukar ɗana.

Don haka ka sa wuƙa a aljihunka, ka kuma cire kunya daga idonka. Duk ƙarfen da ke tsakanin sitiyari da taya, ka kankare fentinsa ka ga farin ƙarfe. In ka ga walda a kan tayarod ko a hannun da ke juya taya, kada ka yarda, ko wa ya yi ta, ko da ni ne. Waɗannan ƙarafa ba a yi musu walda, sauya su ake yi. Ka duba inda akwatin sitiyari ya zauna a jikin shasi, wato ƙarfen gindin mota, don motar da ta taɓa kifewa takan tsage a nan, kuma a nan na hango fenti ya fi yawa. Kowane noti na mahaɗa yana da ɗan ƙarfen da ake zurawa a ramin bakinsa a tanƙwara don kada ya kwance. Ka tabbata yana nan, kuma ba ƙusa ko wayar ɗaurin kaya aka cusa ba.

Kada ka tsaya a sitiyari kaɗai. Da na leƙa cikin motar ran nan na ƙwanƙwasa ƙarafan da zobena. Na bayan kujera ya amsa yadda na san shi. Na gefen ƙofar direba kuwa ƙararsa daban ce, kamar bututun famfo. Ina zargin an sauya shi da ƙarfe mara ƙwari. Ka ƙwanƙwasa da kanka ka ji. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga inda aka ɗaure kujera da bel, ka soka sukurdireba a wurin, in ƙarfen yana ɓarɓashi to ba abin da yake riƙe da kai. Ka ja bel ɗin da ƙarfinka duka. Hular kwanon da za su ba ka, ka juya ta a rana ka duba ko ta tsage, don wadda ta taɓa shan duka ta gama aikinta. Tukunyar kashe gobara, ka ɗaga ta ka ji nauyinta, na sha ganin fanko a rataye don ado. In ka shiga mota ka ji warin fetur, kada ka tayar da ita sai ka gano daga ina yake.

Ranar da za ka fara tuƙa ta, kada ka bari a zuga ka da cewa a nuna wa Alhaji gudu. Ka nemi fili inda ba mutane, ba dabbobi. Ka fara a hankali. Ka taka birki ka ga ko za ta fizge gefe. Ka hau gargada kaɗan ka kasa kunne. In sitiyari yana karkarwa a wani gudu ya daina a wani, yawanci taya ce ko ƙarfen da aka ɗaura ta a kai ya lanƙwashe. In kuwa kana jin duka a tafin hannunka duk sanda ka faɗa rami, ka tsaya nan take ka sauka.

Ban ce Alhaji Sabo mugu ba ne. Ban san zuciyarsa ba, kuma ba na so in ɗauki alhakinsa. Mai yiwuwa shi ma bai san abin da ke ƙarƙashin fentin ba, Tanko ne yake gaya masa abin da yake son ji. Ka girmama shi, ka gaishe shi yadda aka koya maka, kada ka ɗaga masa murya. Ka ce, "Alhaji, ina neman alfarma a ba ni yini guda da motar nan a kan ramin duba mota, ni da kayan aikina." Mutumin da ba ya ɓoye komai zai ji daɗin wannan roƙo, don motarsa ce za ta amfana. In ka ga fuska ta sauya, in aka fara ce maka ba lokaci, ko an riga an duba, ko kai yaro ne me ka sani, to ka sami amsarka. Ka kuma yi ƙoƙari ka gano sunan tsohon direban a wurin masu gadi ko masu shayin bakin garejin Alhaji. Su ba su da dalilin yi maka ƙarya. Ka neme shi ka ji daga bakinsa, in yana da bakin magana.

In Tanko ya rantse maka cewa komai lafiya, kada ka yi musu da shi. Ka buɗe masa ɗaya ƙofar, ka ce, "Bismillah, shigo mu gwada ta tare a kan gargada." Ka dubi ƙafafunsa, kada ka dubi bakinsa.

In abin bai yiwu ba, ka ajiye musu makullinsu cikin mutunci ka hau motar haya ka dawo. Na san abin da zai tsaya maka a rai, wato yadda aka raka ka da guɗa, da abin da 'yan zaman dandali za su ce in sun gan ka da jakarka. Ka bar ni da su, ni zan ba su amsa. Gonar bayan gari tana buƙatar taki kafin ruwa ya sauka, ni kuma bayana ba ya barina in yi abin da na saba. Tuwon da muke ci, ko ba miya mai kyau, zai ishe mu da kai. In kuma ka duba ka tarar duk zargina banza ne, motar lafiyarta ƙalau, to ka aiko mini in ji, zan fi kowa murna, kuma ni da kaina zan je in nemi gafarar Alhaji.

Kada ka yi wasa da salla ko ana tsakiyar hidima. Ka yi addu'ar hawa abin hawa kafin ka murza makulli, bayan ka gama dubawa.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah Ya raba ka da mugun ƙarfe da mugun abokin aiki, Ya ba ka idon gani da ƙarfin halin cewa a'a. Yadda ka fita daga gidan nan da ƙafafunka, Allah Ya dawo mana da kai a kansu. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habu Makanike